Takalmin gudu mai kabon: wai da gaske yana ƙara sauri, kuma waye ya kamata ya saya?

Tambayar da take ta yawo tsakanin masu fita gudun asuba da samarin da ke shirin shiga gasa ko gudun tantancewa na aikin ɗamara ita ce, wai shin takalman nan masu tudu da manyan ƴan tsere suke sawa, waɗanda ake cewa akwai kabon a cikinsu, wato wani siririn faranti mai tauri mara nauyi, da gaske suna sa mutum ya ƙara gudu ne ko dai tallar kamfanoni ce kawai? In kuma da gaske ne, to mutum ya tara kuɗi ya saya ya riƙa fita da shi kullum kenan? Sai kaji wani yace ai yanzu takalmi ne yake gudun ba mutum ba, wani kuma yace duk zance ne, tunda Abebe Bikila na Habasha ko takalmi babu a ƙafarsa ya ci zinaren gudun fanfalaki a birnin Rum a 1960.

Ni dai ga inda na tsaya tun kafin mu yi nisa. Takalmin yana ƙara sauri, wannan an auna an gani ba jita-jita bane. Amma ba shine takalmin da ya kamata ka fara saya ba, kuma abin yana damuna yadda nake ganin yara suna matse kansu su sayi takalmin tsere, sau da yawa ma wanda ya riga ya mutu ko na jabu, alhali wanda suke fita atisaye da shi kullum yana cin ƙafarsu.

Me ke cikin takalmin ma tukuna

Takalmin gudu kashi uku ne. Akwai na sama, yadin nan mai huji-huji da yake rufe ƙafa ya bar iska tana shiga. Akwai robar ƙasa mai zane wadda take taɓa kwalta, ita ke hana santsi kuma ita ce kake ganin tana cinyewa. Sai na tsakiya, soson nan mai kauri, kuma gaskiya shine takalmin, shi kake biya wa kuɗi, sauran rakiya suka yi masa. Dalili kuwa, in kana gudu duk taku ɗaya ƙafarka tana sauka da ƙarfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, kuma a minti ɗaya mutum yana yin taku wajen 160 zuwa 180, to lissafa rabin awa kaga dukan da wannan soson yake karɓa a madadin dunduniya da gwiwa.

Abu uku ake aunawa a jikinsa. Kaurin soson daga tafin ƙafa zuwa ƙasa, da milimita ake faɗa. Sai gangara, wato yadda dunduniya ta ɗara wajen yatsu tudu, wani takalmin babu gangara sam shafe yake, wani milimita 4, wani 8, wani har 12. Sai nauyi, takalmin atisaye na kullum yawanci giram 250 zuwa 300 ne ƙafa ɗaya, na tsere kuma yana kewayen 200 ko ƙasa da haka. Nauyin nan ba ƙaramin abu bane, masu bincike sun daɗe da gano cewa duk giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara wa mai gudu kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin da yake ƙonawa.

Shi yasa a da takalmin tsere siriri ne fayau, an rage komai don kar ya yi nauyi, ɗan tsere ya haƙura da azabar kwalta don ya samu sauƙin ɗaga ƙafa. Soson da ake da shi a lokacin, wanda ake kira EVA, in ka yi masa kauri sai ya yi nauyi, in ka rage shi ƙafa ta sha duka. Shekaru da yawa a haka ake.

Daga ina maganar ta taso

A gasar Olamfik ta Rio a 2016, maza ukun da suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a gudun fanfalaki duk wani sabon takalmin Nike ne a ƙafarsu wanda bai ma shigo kasuwa ba, lokacin mutane basu farga ba. A watan Mayun 2017 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi kilomita 42.195 cikin awa 2 da daƙiƙa 25 a filin tseren motoci na Monza a Italiya, a shekarar ne kuma takalmin ya fito da sunan Vaporfly 4%. Wannan 4 ɗin daga wani bincike ne da aka yi a jami'ar Colorado ta Amurka, aka ɗora ƙwararrun ƴan gudu 18 a kan injin gudu ana auna iskar da suke shaƙa, sai aka ga da sabon takalmin ƙarfin da suke ƙonawa ya ragu da kusan kashi 4 cikin 100 a kan saurin da bai canza ba. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken, shi yasa da farko wasu suka yi tababa, amma daga baya masu bincike da basu da alaƙa da kamfanin sun maimaita sun samu abin da ya yi kusa da haka.

Sai 2019 abin ya fashe. Ranar 12 ga Oktoba Kipchoge ya yi 1:59:40 a birnin Biyana na Ostiriya, duk da ba a ƙirga shi a matsayin tarihin duniya ba saboda ba gasa bace, an yi ta canza masa masu ja masa gudu ga mota a gaba tana nuna musu layi. Washegari Brigid Kosgei ta yi 2:14:04 a Cikago, ta karya tarihin mata na Paula Radcliffe da ya tsaya tun 2003 ba wadda ta iya taɓa shi. Daga nan kowane kamfani ya shiga yin nasa. A Satumban 2023 Tigst Assefa ta Habasha ta yi 2:11:53 a Balin da takalmin Adidas mai nauyin giram 138 kacal, kuɗinsa dala 500, kuma shi wannan don tsere ɗaya aka ƙera shi. Sati biyu bayan nan marigayi Kelvin Kiptum ya yi 2:00:35 a Cikago.

To meye sirrin? Mutane sun fi riƙe maganar kabon, har wasu suna ɗauka kamar sifirin ne aka ɓoye a ciki yana cilla mutum gaba. Ba haka abin yake ba. Babban abin da ya canza soson ne, sabon nau'i da ake kira PEBA, ga shi ba nauyi ga shi in ka danna shi yana dawowa da ƙarfi. A gwajin Colorado ɗin nan an ga yana mayar da kusan kashi 87 cikin 100 na ƙarfin da aka danna shi da shi, tsohon soson takalmin tsere kuma wajen kashi 65. Tunda ba shi da nauyi sai aka samu damar jibga shi da kauri. Amma soso mai kauri da laushi haka in aka bar shi shi kaɗai ƙafa sai ta riƙa rawa a kai, to shine aka saka siririn farantin kabon mai lanƙwasa a tsakiya ya riƙe shi, ya hana gaɓar babban yatsa lanƙwasawa da yawa, ya kuma sa ƙafa ta mirgina gaba da sauƙi. Akwai ma masu binciken da suka ɗauki takalmin suka yayyanka farantin don ya daina tauri, suka sake aunawa, bambancin da suka gani kaɗan ne ƙwarai. Kaga kenan duk takalmin da aka ce maka akwai kabon a ciki amma sosonsa na banza ne ko ya gaji, katako ka saya.

Sannan a lura, rage ƙona ƙarfi da kashi 4 ba yana nufin lokaci zai ragu da kashi 4 ba. A wajen manyan ƴan tsere abin yana tsayawa ne wajen kashi 2 ko sama da haka kaɗan, amma a gudun awa biyu wannan minti biyu ne da wani abu, tazarar da take raba mai kofi da wanda ba a ma ambaci sunansa ba.

Masu cewa maguɗi ne da masu cewa ci gaba ne

Masu adawa hujjarsu ba ta wasa bace. Suna cewa gudu shine wasan da ya fi kowane adalci, ƙafarka da huhunka kawai, yanzu kuma an mayar da shi gasar kamfanoni, kuma an zalunci ƴan tseren baya da aka karya tarihinsu da kayan da su basu samu ba. Suna kawo misalin ninƙaya, inda aka fito da wasu rigunan roba a 2008 aka yi ta karya tarihi ba ƙaƙƙautawa har hukumar wasan ta haramta su daga 2010. Masu goyon baya kuma suna cewa ai dama can kayan wasa canzawa suke, da a kan ƙasa ake tseren fili yanzu a kan roba ake yi, kuma takalmin ba ya ƙirƙirar ƙarfi, asara kawai yake ragewa, ga shi ƴan tsere suna cewa ƙafarsu tana saurin warwarewa bayan dogon gudu.

Hukumar wasannin tsalle-tsalle da guje-guje ta duniya ta bi tsakiya. A ƙarshen Janairun 2020 ta ce a tseren titi kaurin ƙasan takalmi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma kada ya wuce ɗaya. A tseren cikin fili iyakar ta fi haka tsanani, daga Nuwamban 2024 milimita 20 ne. Kuma ana aiki da dokar, don a Satumban 2021 Derara Hurisa na Habasha ya zo na ɗaya a gudun fanfalaki na Biyana amma aka karɓe nasarar aka ba wanda ya zo na biyu, saboda takalminsa milimita 50 ne.

Ni inda abin ya fi tsaya min a rai ba maganar tarihi bace, maganar kuɗi ce. Takalmin nan sabo dala 250 ne zuwa sama, a canjin yanzu ɗaruruwan dubban naira kenan. Yaron da ya taso a duwatsun Pankshin yana atisaye da abin da ya samu, in ya je gasar Legas da ake yi tun 2016, ko tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, zai tsaya layi ɗaya ne da ɗan Kenya ko ɗan Habasha da kamfani yake aiko masa da sabo a kwali. Tun kafin a busa usur an riga an ba wancan tazara. Takalmi ba shi kaɗai ne yasa suke gaba da mu ba, akwai koci da abinci da sansanin horo irin na Iten a Kenya da Bekoji a Habasha da al'adar gudu ta shekara da shekaru, amma ya ƙara faɗaɗa ratar, kuma duk gwamnatin jiha ko mai hali da yake son taimaka wa ƴan gudunmu ya san wannan yana cikin kayan aiki yanzu.

Kashi 4 ɗin nan na kowa ne?

A'a. Waɗanda aka auna mutane ne masu gudun kilomita 14 zuwa 18 a awa ɗaya. Da aka zo aka gwada masu gudu a hankali irin yawancinmu, amfanin yana nan amma ya ragu sosai. Kuma jiki ya bambanta, wani ya samu da yawa wani kusan babu. In kana yin kilomita 5 a minti 35, sati shida na atisaye mai tsari zai rage maka mintunan da babu takalmin da zai rage maka su.

Ga kuma rashin ƙarko. Don a rage nauyi robar ƙasan takalmin tsere ƴar siririya ce, wani wajen ma soson ne tsirara yake taɓa ƙasa, hanyar burji ko tsakuwa cikin ƴan kwanaki zata yagalgala shi. Wani bincike a Sifen ya nuna bayan kilomita 450 takalmi mai sabon soson ya rasa fifikon da yake da shi a kan mai tsohon soso. Sannan dogo ne mai laushi, a kwana ko a hanya mai ramuka idon sawu yana iya gurɗewa. Faranti mai tauri kuma yana canza inda nauyi yake sauka a ƙafa, a 2023 wasu likitocin wasanni sun fitar da rahoton ƴan gudu biyar da suka samu tsagewar wani ƙaramin ƙashi na tsakiyar ƙafa bayan sun koma amfani da irin takalmin. Mutum biyar ba hujja bace ta cewa takalmin ne ya jawo, amma ya isa yasa mai hankali ya shige shi a hankali, kada ya mayar da shi na kullum.

Takalmin kullum, wanda shine ya kamata a fi kashe wa tunani

Duk wanda ya san gudu ya san yawancin kilomitocin da mutum zai yi a sati a hankali ake yinsu, irin gudun da zaka iya hira da na kusa da kai. To takalmin da zai ɗauki wannan aikin shi ne na farko. Abin da ake nema a wajensa ba ƙyale-ƙyale bane, soso matsakaici wanda bai yi tauri ba bai kuma lotsa da yawa ba, ƙasa mai faɗi da roba isasshiya, bayan dunduniya mai riƙo, gangara wajen milimita 6 zuwa 10 in baka saba da wani abu daban ba. Kusan kowane kamfani yana da irinsa wanda ya daɗe yana fitarwa, Pegasus na Nike, Cumulus na Asics, Ghost na Brooks, Ride na Saucony, Clifton na Hoka da sauransu, kuma na bara ko na bara waccan aikinsu ɗaya da na bana, kuɗin ne kawai ya fi sauƙi.

Amma sunan kamfani ba shi zaka fara dubawa ba, ƙafarka zaka fara dubawa. Da yawanmu da silifas muka girma ko ma ba takalmi, ƙafar da ta tashi a haka tana da faɗi, yatsun a baje suke, takalman nan kuma da yawansu an yanka su ne siriri. Sai mutum ya sa ya ji ya matse shi ta gefe, mai shago yace ai zai saki. Dan Allah kar ka yarda, takalmin gudu ba fata bane, in bai yi maka daɗi ranar farko ba to ba zai yi ba. Ka nemi mai faɗi, wasu zaka ga an rubuta 2E a jikin takardar da ke ƙarƙashin harshen takalmin.

Ka je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da safar da kake gudu da ita, ka gwada ƙafa biyun duka don ba lallai su zo daidai ba, kuma a tsaye ba a zaune ba. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannu, saboda ƙafa tana ƙara kumbura in gudu ya yi nisa balle a zafinmu, rashin wannan filin ne yake sa farce ya yi baƙi ya fita. Yawanci zaka ga lambar ta ɗara ta takalmin da kake sawa da kaftani da rabi ko ɗaya. Kuma 43 na wannan kamfani ba lallai ya zama 43 na wancan ba, gara ka riƙe tsawon da aka rubuta da santimita. Dunduniya kada ta riƙa fita in ka taka. In da hali ka ɗan ruga a gaban shagon. Mata ma haka, kada ki tsaya lallai sai wanda aka ce na mata ne, in ƙafarki mai faɗi ce na maza ƙaramar lamba zai iya fi miki.

Maganar gangara kuma, mai ƙarancin gangara yana tura aiki wajen agara da sha-raɓa, mai yawa kuma yana ɗan tura shi sama wajen gwiwa. Babu wanda ya fi wani, illar tana cikin sauyawa dare ɗaya. Wajen 2010 an yi yayin takalma marasa soso da ake cewa kamar gudu ba takalmi ne, mutane suka ruɗu suka koma lokaci guda wasu suka ji ciwo, har kamfanin Vibram mai yin irinsu ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a 2014 don a kashe ƙarar da aka shigar a kan alfanun lafiyar da ya yi iƙirari a talla. Shi Bikila da ake kafa hujja da shi ƙafarsa ta saba tun yarinta, kuma da ya sake cin zinare a Tokiyo a 1964 da takalmi ya yi, ya kuma fi na Rum sauri da minti uku.

Hanyar da kake bi ma a duba. Mai zagaye a kwalta ko filin wasa takalmin titi ya ishe shi. Mai bin hanyar gona da jar ƙasa da tsakuwa, inda ga ƙaya ga tsidau, yana buƙatar roba mai kauri da ta rufe ƙasan gaba ɗaya.

Shin takalmi yana hana jin ciwo?

Nan ne aka fi sayar wa mutane da tsoro. A ce maka ƙafarka shimfiɗaɗɗiya ce ko tana karkata ciki in ka taka, don haka sai ka sayi takalmi na musamman mai gyara taku. Sojojin Amurka sun gwada wannan a kan dubban sabbin ɗauka, aka ba wasu takalmi gwargwadon siffar tafin ƙafarsu wasu kuma aka basu iri ɗaya ba tare da dubawa ba, a ƙarshe yawan jin ciwo bai bambanta ba. A Denmak ma an bi sabbin masu gudu fiye da 900 tsawon shekara guda duk da takalmi na gama-gari, masu ƙafar da take ɗan karkata ciki basu fi sauran jin ciwo ba. Shi yasa masana irin su Benno Nigg na jami'ar Kalgari a Kanada suka dawo kan cewa ka zaɓi wanda ka fi jin daɗinsa a ƙafa in kana gudu. In likita ne ya duba ka ya rubuta maka wani abu saboda matsala ta musamman, wannan daban.

Abin da ya fi kawo ciwon ƙwauri da gwiwa da agara shine gaggawa. Yaro bai taɓa gudu ba, sai yaji saura sati uku tantancewa, ya tashi yana kilomita 10 kullum ba hutu a kan kwalta. Ko takalmin Kipchoge ka ba shi sai ƙafar ta yi ƙara. Ƙashi da jijiya sun fi huhu jinkirin sabawa, a ƙara nisa kaɗan-kaɗan a riƙa barin ranar hutu.

Abu ɗaya da yake da ɗan goyon bayan bincike shine samun takalmi fiye da ɗaya ana musanyawa. A Lukzambag an bi masu gudu 264 na sati 22, waɗanda suke juya takalma daban-daban haɗarin jin ciwonsu ya yi ƙasa da kashi 39 cikin 100. To in kuɗin takalmin kabon ɗaya ne a hannunka, wallahi gara ka raba shi ka sayi na kullum guda biyu masu ɗan bambanci.

Gwanjo da jabu

Gaskiyar magana yawancinmu ba a kwali muke saye ba, Ƙofar Wambai ne ko Kasuwar Barci ko Katako ta Jos, kuma ba abin kunya bane, ana samun na kirki sosai in an buɗe sabuwar dila, sau da yawa ma gwanjo mai kyau ya fi sabo na jabu nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce takalmin gudu yana da iyakar tafiya, yawanci kilomita 500 zuwa 800 soson ya gaji, kuma gajiyar ba ta nunawa a sama. Kamar katifa ce da ta lotsa amma zanin gadon sabo fil. Wanda ya yi amfani da shi a can a kan injin gudu ko titi mai tsafta zai iya cinye soson tas alhali yadin ko datti bai yi ba.

Don haka ka juya shi ka dubi ƙasa, musamman gefen dunduniya ta waje da ƙarƙashin yatsu, in zanen ya shafe har soso ya leƙo ka ajiye. Ka dubi gefen soson, in ya yi tamoji masu zurfi kamar an matse shi ya gaji. Ka ɗora ƙafa biyun a kan benci ka kalle su ta baya, in ɗaya ya karkace to karkatar mai shi na farko zaka gada. Ka zare shimfiɗar ciki ka danna da babban yatsa, mai rai yana lotsawa ya dawo, mataccen kuma ko dai ya ƙandare ko ya lotsa ya zauna. Ka matsa bayan dunduniya kaji ko da sauran ƙarfi. Takardar cikin harshe a wasu kamfanonin tana ɗauke da watan da aka ƙera shi, wanda ya shekara da yawa ko ba a sa shi ba gam ɗinsa yana saki.

Takalmin kabon na gwanjo kuwa nan ne na fi jan kunne, don mai shi ba kasafai yake rabuwa da shi ba sai ya gama cin amfaninsa. Na jabu kuma sun cika gari, kamanni sak, amma ka kama shi ka lanƙwasa, na gaske ba ya lanƙwasuwa a hannu sai da ƙyar, kuma in ka ɗaga shi zaka ji kamar ba komai. In aka ce maka sabo ne a kwali kuma kuɗinsa bai kai kwatan na asali ba, ka san amsar.

In ka samu mai kyau ka kula da shi. Kada ka shanya shi a tsakiyar rana ko ka bar shi a but ɗin mota, zafi yana kashe soso yana narka gam. Ka wanke da hannu, ka cusa masa takarda ya bushe a inuwa. Kada ka buga ƙwallo da shi ko ka mayar da shi na zuwa kasuwa, kilomita ce kake cinyewa. Sannan ɗabi'ar nan tamu ta take bayan takalmi don saurin cirewa a ƙofar masallaci ko zaure, ita ce take karya riƙon dunduniya, ka kwance igiyar ka cire shi da hannu. Shumeka zai iya manna maka robar da ta ɗago, amma soson da ya mutu ba shi da gyara.

Wa ya kamata ya saya, kuma yaushe za a sa

In ka kai shekara ɗaya ko biyu kana gudu ba yankewa, kana da takalmin kullum mai kyau, kana shiga gasa kana neman rage minti ɗaya ko biyu a kilomita 10 ko 21 ko 42, kuma sayen ba zai taɓa abincin gidanka ba, to saya, zaka ji bambanci. In baka kai nan ba akwai na tsakiya, takalma marasa nauyi masu sabon soso, wasu da farantin roba mai ɗan laushi maimakon kabon, sun fi arha sun fi ƙarko kuma zaka iya atisayen sauri da su ka kuma shiga gasa da su. Mai shirin gudun tantancewa na ƴan kilomitoci ma wannan ko na kullum ɗinsa ya wadatar, balle sau da yawa ba a kan kwalta mai santsi ake yi ba.

Kowanne ka zaɓa, kada ranar gasa ta zama ranar da ka fara sa shi. Ka fita da shi sau biyu ko uku kafin nan, ɗaya a kan saurin da kake son yi ranar, ɗaya kuma mai ɗan nisa, da safar da zaka sa, don ka gane inda yake gogar ka tun da sauran lokaci. Safar auduga tana riƙe gumi ta kawo bororo, musamman a gari mai laima irin Legas inda mutum yake ta kwara ruwa a ka yana gangarowa cikin takalmi, ka nemi ta roba-roba siririya. Ka yi wa igiyar ƙulli biyu amma kada ka ɗaure saman ƙafa tamau tun farko, zata kumbura a hanya. Bayan gasa ka goge shi ka mayar inuwa ka koma na kullum.

In kuma bayan ka fara amfani da mai faranti kaji ciwo a wuri ɗaya tak a saman tsakiyar ƙafa, wanda zaka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in ka yi tsalle da ƙafar kuma kwana biyu uku na hutu bai ɗauke shi ba, ka daina gudu ka je asibiti wajen likitan ƙashi. Irin wannan tsagewar hoton farko ba kullum yake nuna ta ba, don haka in ciwon ya ci gaba ka koma a sake dubawa, kada ka tsaya ana ja maka ƙafar a gida da sunan targaɗe.